Yadda za ka gane tsohon Turanci in ka ci karo da shi a takardar fili, wasiƙar ofis ko littafi

Jama'a akwai Turancin da anka koya muna a aji, akwai kuma wanda ke jiranmu a waje cikin takardun kotu da na fili da tsofaffin wasiƙun zamanin En'e da ke kwance ƙasan adakar kakanninmu. Sai ka ga yaro ya ci kiredit ɗinshi lafiya lau, wani ma ya gama digiri a Aliero ko jami'ar tarayya ta Gusau, amma a miƙa mishi yarjejeniyar sayen fili shafi biyu kacal a ce to malam ɗan boko karanta muna, yana zuwa kan hereinafter sai ya tsaya yana gyaran murya, dattawa kuma su fara kallon juna. Ba daƙiƙanci ba ne, babu wanda ya taɓa zama ya nuna mishi ne, kuma abin bai kai wahalar da ake ba shi ba.

Kafin ka buɗe ƙamus ko ka ɗauko waya, fara duba takardar kanta, wace iri ce kuma wane zamani anka rubuta ta. Domin kalma guda tana iya zama abu kaza a hira, ta shiga kotu ta koma wani abu dabam wanda ko kusa ba su yi ba. Ɗauki want, kowa ya san so ne ko buƙata. To in ka ga alƙali ya rubuta cewa an kori ƙara for want of jurisdiction ko for want of evidence, a nan want rashi ne, wato don rashin hurumi, don rashin hujja, kuma wannan ma'anar ita ce tsohuwar, ta so ɗin daga baya ta zo. Save a takardar doka ba ceto ba ne ba kuma ajiya ba, banda ne, save as provided yana nufin banda yadda anka tanada. Issue a takardar gado 'ya'ya ne da jikoki, in an ce mutum ya rasu without issue to bai bar baya ba kenan, ba wai ya rasu babu matsala ba. Consideration a cinikin fili ba tunani ko tausayi ba ne, abin da anka biya ne. Execute kuma in takarda ake magana ba kisa ba ne, sa hannu ne a kammala ta. Mai fasfo ma ya buɗe shafin farko zai ga ana roƙon a bar shi ya wuce without let or hindrance, wannan let ɗin hanawa ne, kishiyar let da munka sani ta bari, kalma ce ta daban da ta mutu ko'ina sai nan da filin wasan tanis.

Shi ya sa ni ban yarda mutum ya kwashi irin wagga takarda ya zuba ma Google Translate ya ce ya gama ba. Na'urar ta fi son ma'anar da anka fi amfani da ita yau, ita kuwa takardar lauya ma'ana ta biyar ko ta shida take nufi. Ka nemi ƙamus na gaske, Oxford Advanced Learner's wanda A. S. Hornby ya fara fitarwa a 1948 don masu koyon Turanci irinmu yana nan kyauta a intanet, haka Cambridge da Longman. In ka buga kalma kar ka tsaya kan lamba ɗaya, gangara har ƙasa, tsofaffin ma'anoni can ƙarshe ake jibge su. Sannan ka lura da 'yan ƙananan kalmomin da ake rubutawa a karkace gaban ma'anar, mutane da yawa tsallake su suke yi alhali su ne rabin amfanin ƙamus ɗin. In an sa old use to kalmar ta riga ta bar bakin mutane, sai a littafi. Old-fashioned tana da sauran numfashi amma tsofaffi ke faɗinta. Formal ta ofis ce da taro, literary ta marubuta ce, law ta lauyoyi, in ka ga offensive ko taboo ka san ma'anarta ka bar ta nan, kar ka ɗauka.

Yanzu ga wurin da na fi son a natsu, dangin here da there da where, don su ne ke cika takardun da ake bugawa a shagunan kwamfuta na bakin kotu, daga Birnin Kebbi har Talata Mafara. Kalmomin suna da tsawo suna da ban tsoro amma dabara ɗaya ce ke buɗe su duka. Raba kalmar biyu ka karanta ta daga baya. Here ka ɗauke ta a matsayin wannan takarda, there a matsayin wancan abin da anka ambata, where a matsayin wanda. To herein ta zama in this, cikin wannan takarda. Hereby, ta hanyar wannan takarda. Hereto, ga wannan takarda, shi ya sa za ka ga attached hereto wato an maƙala a nan. Hereinafter, cikin wannan takarda daga nan zuwa gaba, ana kawo ta ne in za a laƙaba ma mutum gajeren suna don kar a yi ta maimaita cikakken sunanshi. Thereof, na wancan abin. Therein, cikinsa. Thereafter, bayan haka. Whereby, wanda ta hanyarsa. Whereof, wanda nasa. Ko ka haɗu da wadda ba ka taɓa gani ba irin su thereunder ko hereunto, yi mata wannan fiɗar za ta faɗi da kanta. Whereas ce kawai ke da ɗan taurin kai, a Turancin yau da kullum tana nufin alhali kuwa, amma in ta zo da manyan baƙaƙe a farkon yarjejeniya to tana nufin ganin cewa, share fage ne ake yi, ana ba da labarin yadda anka zo nan, ba a kai ga alƙawarin ba tukun.

Bari mu gwada da layi guda irin wanda kusan duk takardar fili ke ɗauke da shi, a ce wani ya sayi fuloti a unguwar Badariya ko Gesse a Birnin Kebbi: In consideration of the sum of two million naira paid by the Purchaser to the Vendor, the receipt whereof the Vendor hereby acknowledges, the Vendor sells the said plot. Kar ka bi shi daga farko kalma bayan kalma, za ka ɓata a tsakiya. Nemo mai aikin da aikin tukun, suna can ƙarshe, the Vendor sells, mai sayarwa ya sayar. Mi ya sayar, the said plot, fulotin da anka ambata, said a nan ba faɗi ba ne, wanda anka ambata ne, haka ma aforesaid. Sai ka dawo baya ka kwaso sauran, a kan kuɗi naira miliyan biyu da mai saye ya biya mai sayarwa, wanda mai sayarwa ya amsa ta wannan takarda cewa ya karɓa. To ka ga inda gizo ke saƙar, the receipt whereof ɗin nan da ake wucewa da gudu shi ne shaidar cewa kuɗi sun shiga hannu gaba ɗaya. In kai ne mai sayarwa kuma an ba ka rabi an ce sauran sai bayan sallah, ka sa hannu a kan wannan layin, to ka rubuta da hannunka cewa an biya ka duka.

Sai shall da may, su kam gajeru ne amma sun fi dogayen haɗari. A makaranta an ce muna shall ta nan gaba ce kamar will, a takardar doka kuwa shall dole ce, may kuma in an ga dama. The tenant shall pay, wajibi ne ɗan haya ya biya. The landlord may repair, mai gida in ya so ya gyara, in bai so ba ba ka da bakin magana. Ni in an ba ni yarjejeniya biro nake ɗauka in ja layi ƙarƙashin kowace shall in ga kan wa ta faɗa. Forthwith nan take ne babu jira. Henceforth, daga yau. Notwithstanding, duk da, kuma duk inda ta fito tana danne wani sharaɗi ne da ke wani wuri, subject to kuma akasin haka, wannan sharaɗin ne ke ƙarƙashin wancan. Deponent shi ne mai rantsuwa a takardar afidabit, irin wadda ake yi ta shekarun haihuwa ko canjin suna. Masu tsaya ma mutane wajen bashin banki ko na taki su buɗe ido da jointly and severally, ma'anarta a tare kuma ɗaya-ɗaya, wato in ku huɗu kunka tsaya, mai bashi na iya barin ukun ya kama ka kai kaɗai ka biya duka. Mu a Najeriya mun mai da severally ta zama sau da yawa, har babban ƙamus na Oxford ya karɓi wannan ma'anar tamu a Janairun 2020 lokacin da ya shigar da kalmomin Najeriya irin su okada da danfo da Kannywood, amma lauya in ya rubuta ta ba sau da yawa yake nufi ba. Kuma don Allah gane kalmomi bai mai da kai lauya ba, harkar fili tana da dokarta ta 1978 da batun amincewar gwamna da sauransu, in kuɗin masu nauyi ne a nemi mai sana'ar.

Tsofaffin wasiƙu kuma nasu salon daban. Masu binciken tarihin gida ko na sarauta, ko ɗalibai da ke zuwa gidan adana takardu na ƙasa da Arewa House a Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, za su yi ta haɗuwa da wasiƙun Razdan da Di'o na lokacin da Gwandu da Argungu da Gusau duk ke cikin Lardin Sakkwato. Za ka ga your letter of the 5th inst., wannan inst. gajarta instant ce kuma ba nan take take nufi ba, wannan watan da muke ciki ne. Ult. watan jiya, prox. watan gobe. To wasiƙar da anka rubuta a watan Maris in ta ce 20th ult. ashirin ga Fabrairu kenan, in ba ka san haka ba sai ka jera abubuwa a birkice ka ce amsa ta riga tambaya. Viz. wato, vide duba, fortnight mako biyu, score ashirin. A ƙasa kuma Bature mai mulkin lardi guda zai rufe da cewa shi your obedient servant ne, kar ka ɗauka tawali'u ne, al'adar rubutu ce kawai, kowa haka yake rufewa ko da wasiƙar ta tsige mutum ce.

Kuɗi su ma sai an koya. In ka ga £2 5s 6d fam biyu ne da sule biyar da sisi. Kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam, sisi kwabo shida, taro kwabo uku, kuma d ɗin nan ta kwabo daga kalmar Latin denarius take, tushensu ɗaya da dinari. In an rubuta 3/6 a rasit ɗin haraji ko jangali ba uku bisa shida ba ne ba kuma kwanan wata ba, sule uku da sisi ne. Guinea in kuɗi ne sule 21. Haka anka yi ta tafiya har 1 ga Janairun 1973 da naira ta shigo, fam ɗaya ya zama naira biyu, shi ya sa har gobe wasu tsofaffi a kasuwar Jega ko Shinkafi ke ce ma naira biyu fam. A awon gona za ka ga acre wato eka, hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, chain ƙafa 66 ce, furlong kashi ɗaya cikin takwas na mil. A rahoton gyaɗa da auduga na tashoshi irin Ƙaura Namoda, inda dogo ya isa a 1929, za ka ga cwt. wato hundredweight, sunan ya ce ɗari amma a awon Ingila laba 112 ne. Wata da ke ruɗa ɗalibai sosai ita ce corn. A Amurka masara ce, shi ya sa waya za ta ce maka masara, amma Baturen Ingila hatsi yake nufi kowane iri, to in Di'o ya rubuta cewa corn ya yi tsada a ƙasar Zamfara gero da dawa yake magana, dawa ma sunanta guinea corn. Su native da pagan da Mohammedan da boy da za ka gani birjik a waɗannan takardu, ka fahimce su a matsayin bakin mai mulki na wancan lokaci, in za ka kawo su cikin aikinka ka nuna maganarsu ce, kar su zama taka.

Sai thou da thee, waɗanda ke korar mutane daga tarjamar Alƙur'ani ta Pickthall ta 1930 da ta Abdullah Yusuf Ali da ta fara fitowa a 1934, haka 'yan uwanmu Kirista na wajen Zuru masu karanta Littafi Mai Tsarki bugun King James na 1611, ga kuma 'yan aji shida masu Shakespeare a jarabawar adabi. Gaskiya a nan Bahaushe ya fi Baturen yau samun sauƙi, don mu har yanzu muna raba kai da ku, su kuwa sun narkar da duka cikin you. Thou kai ne ko ke, mai yin aikin. Thee wanda aikin ya faɗa ma, kamar ka a cikin na gan ka. Thy naka ne in suna na biye, kamar gidanka, thine naka in ta tsaya ita kaɗai ko in kalmar gaba ta fara da wasali. Ye ku ne. Wanda ya yi ko ɗan nahawu a makarantar zaure zai ga dalilin da ya sa masu tarjama sunka riƙe su, a Larabci anta daban antum daban, in an ce thou mutum ɗaya ake ma magana, in an ce ye jama'a ce, kuma wannan bambanci na iya canza fahimtar aya. Aikatau kuma wutsiya kawai anka ƙara mishi, duk eth ka mai da ita s, knoweth ta zama knows, hath has, doth does, saith says. Mai st ko t ta thou ce, art, hast, wilt, shalt, knowest. Verily lalle haƙiƙa, lo da behold duba ko ga shi, nay a'a, ere kafin. Hither, thither, whither zuwa nan, zuwa can, zuwa ina, hence, thence, whence daga nan, daga can, daga ina, ka ga nan ma h da th da wh ɗin nan ne na ɗazu sunka sake dawowa. Wherefore a wasan kwaikwayo don mi take nufi, ba ina ba, ɗalibai da yawa na faɗawa ramin nan, a takardar kotu kuma saboda haka.

To duk wannan na karatu ne. Wajen rubutu shawarata ita ce ka san su amma kar ka yi ado da su, kamar kayan yaƙin da ke gidan tarihi na Kanta a Argungu ne, ana zuwa a gani a san na mi ne amma ba mai ɗaura su ya tafi ofis. Har yanzu ina ganin takardun neman aiki da ke farawa da I humbly beg to apply, a tsakiya a sa your good self, a rufe da your obedient servant, wasu ma a zuba musu aforementioned uku a sakin layi ɗaya don a ga an sha boko. Wanda zai karanta, musamman in ƙungiya ce ta waje ko kamfani, abin da zai gani shi ne an kwafo daga tsohon fayil. I am applying for ta wadatar. In ka buɗe da Dear Sir ko Dear Madam ka rufe da Yours faithfully, in ka ambaci sunan mutum ka rufe da Yours sincerely, shi kenan. Do the needful a Najeriya da Indiya kowa ya gane, a Ingila ta tsufa, gara ka faɗi abin da kake so a yi ƙarara. Ma'aikacin gwamnati kam ba laifinshi ba ne in ya rubuta I am directed to, tsarin aikin ne ya ce haka, yana nuna ba da bakinshi yake magana ba.

Akwai 'yan kaɗan da ba tsufa ne matsalarsu ba, gurbi ne. Dowry da muke fassara sadaki da ita, a ainihin Turanci dukiyar da amarya ke zuwa da ita ce gidan miji, ta fi kusa da kayan ɗaki da gara, in sadaki kake nufi ga baƙo ka ce mahr ko ka yi mishi bayani. Presently a tsohon amfanin Ingila nan ba da jimawa ba ne, mu da Amurkawa mun fi ɗaukarta a halin yanzu, in kana son kauce ma rigima ka ce now ko soon. Table a majalisa, a Ingila da nan gabatar da ƙudiri ne, a Amurka jingine shi ne.

Yadda za su zauna a kai kuwa, sayi ɗan littafi mai fale arba'in, duk kalmar da ka tsinta kar ka rubuta ta tsirara da fassara a gefe, kwafe jimlar gaba ɗaya, ka sa inda ka gan ta, kotu ko tafsiri ko wasiƙar 1950, sannan ka sa alamar da ƙamus ya ba ta. Wajen nemo Hausar da ta dace, ƙamus ɗin Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 yana taimakawa, na Bargery na 1934 kuma shi ne maganin tsofaffin kalmomin Hausa da za ka gani an cusa cikin rahoton Turawa da rubutu a karkace, su kurdin kasa da jangali da dogarai. In kuma dattijo ya kira ka karanta mishi takarda kafin ya dangwala, fara da sunaye da adadin kuɗi da iyakokin fili, ka gwada adadin da anka rubuta da lamba da wanda anka rubuta da kalmomi ka ga sun yi daidai, sannan ka bi shall ɗin nan ɗaya bayan ɗaya kana faɗa mishi da Hausa wa zai yi mi, kuma duk gurbin da anka bari fili ba a cike ba a cike shi ko a ja mishi layi kafin tawada ta taɓa yatsa.